ƊIGAR FITSARI: MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

Akwai wata lalura wadda ta addabi miliyoyin mutane a duniya, maza da mata, amma da wuya a ji an ɗaga zancenta a zaure ko a gidan biki. Ita ce kuɓucewar fitsari sa'ad da mutum ya yi tari, ko atishawa, ko dariya, ko kuwa ya sunkuya ya ɗaga tulu ko buhun hatsi. Da yake ba ta kisa, kuma ba ta kwantar da mutum a gado, an daɗe ana yi mata riƙon sakainar kashi. Alhali kuwa mai fama da ita shi kaɗai ya san abin da take ci masa. Takan hana mace zuwa suna da gaisuwar rasuwa, ta sa dattijo ya janye daga majalisar tsararrakinsa, ta haddasa ƙyama tsakanin miji da mata, ta bar mutum cikin shakka game da tsarkin tufafinsa a kowane lokacin salla.

Fiye da shekara ɗari ke nan likitoci suna ƙago dabarun magance ta. Amma tarihin wannan aiki ya nuna abu guda: sau da yawa dabara takan riga hujja isa asibiti, kuma ba a cika tambayar masu ciwon abin da ya fi damunsu ba. Wannan ne ya sa masana suka koma suna tambayar kansu, shin a cikin ɗimbin abubuwan da ba a sani ba, wanne ya kamata a fara bincikawa, kuma wa ke da ikon zaɓa?

YADDA ABIN YAKE FARUWA

Mafitsara tamkar salka take, mai ƙaramin bututu a ƙasa inda fitsari ke bi ya fita. Abu biyu ne ke riƙe da bakin wannan salka. Na farko wani zoben tsoka ne da ke tsuke bututun. Na biyu kuwa waɗansu tsokoki ne da ke shimfiɗe a ƙasan mara, suna tallafe da mafitsara da mahaifa da hanji kamar yadda ragaya ke tallafe da ƙwarya. Duk sa'ad da mutum ya yi tari ko wani yunƙuri, ciki yakan danna mafitsara. In zoben da ragayar suna da ƙarfi, babu abin da zai fita. In sun saki, sai fitsari ya tsiyayo ba tare da mutum ya ji alamar zuwansa ba. Shi ya sa ake iya kiran lalurar ɗigar yunƙuri.

Ya kamata mai karatu ya bambanta ta da waɗansu biyu masu kama da ita. Akwai ɗigar matsuwa, wadda fitsari kan kama mutum farat ɗaya har ya kasa kai wa makewayi. Akwai kuma yoyon fitsari, wanda doguwar naƙuda ke haddasawa ta hanyar huda tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, har fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Ko wace da irin maganinta.

A wajen mata, ɗaukar ciki da haihuwa su ne manyan dalilai, sa'an nan ƙiba, da yawan shekaru, da tari mai daɗewa, da taurin bayan gida. A wajen maza kuwa, galibi takan biyo bayan aikin fiɗa da aka yi a kan wani ƙulli da ke gindin mafitsarar namiji, wanda likitoci ke kira furostet.

Game da yawan masu ita, an yi wani babban ƙidaya a lardin Nord-Trondelag na ƙasar Norway tsakanin 1995 da 1997, inda mata 27,936 'yan shekara 20 zuwa sama suka ba da amsa. Kashi 25 cikin 100 suka ce fitsari na kuɓuce musu, kuma rabin waɗannan ɗigar yunƙuri ce ke damunsu. Watau a ƙasar da ake haihuwa a hannun ƙwararru ma, mace guda cikin kowace huɗu tana ɗauke da wannan sirri.

SHEKARA ƊARI ANA LALUBE

A 1913 Dokta Howard Kelly na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana wani ɗinki da ake yi don tsuke wuyan mafitsara. A 1948 wani likitan mata, Dokta Arnold Kegel, ya nuna cewa ana iya ƙarfafa tsokokin ƙasan mara da atisaye, watau a riƙa matse su ana saki kamar mai riƙe iska. A 1961 Dokta John Burch ya zo da aikin da ake buɗe mara a ɗaga wuyan mafitsara a ɗinke shi. Wannan aiki ya yi shekaru yana kan gaba, sai dai yana bukatar kwana a asibiti da doguwar jinya.

A 1996 ne aka sami canjin da ya girgiza fannin. Farfesa Ulf Ulmsten na birnin Uppsala a ƙasar Suwidin ya bayyana wata dabara ta zura siririn ƙyallen raga na roba a ƙarƙashin bututun fitsari, don ya tokare shi lokacin yunƙuri. Aikin ba ya cin lokaci, yankan kaɗan ne, mace kan iya komawa gida a ranar ko kashegari. Kafin a ce kwabo ya bazu ko'ina a ƙasashen Turai da Amurka, kamfanoni suka shiga gasar ƙera nasu samfurin.

DARASIN RAGAR ROBA

Mata da yawa sun sami lafiya ta wannan hanya, kuma har yau ana yin aikin a ƙasashe masu yawa. Amma waɗansu suka fara kukan ciwo mai tsanani a mara da cinya, waɗansu ragar ta ci nama ta ɓullo, waɗansu suka kasa kwanciyar aure. Cire ta kuwa aiki ne ja, domin nama ya riga ya tsiro a cikin idanunta. Da yawansu suka yi shekaru suna kai kuka ana ce musu ba kome.

Wani nazari da aka buga a 2018 ya bi bayanan mata 95,057 da aka sa wa ragar a Ingila, ya gano cewa cikin shekara 9 an cire wa kashi 3.3 cikin 100. A ido adadin kamar kaɗan ne, amma in aka auna shi da yawan waɗanda aka yi wa aikin, dubban mata ke nan, ban da masu ciwon da ba su kai ga cirewa ba. A watan Yuli na 2018 hukumomin lafiya na Ingila suka dakatar da aikin, sai bisa tsauraran sharuɗɗa. A watan Yuli na 2020 kwamitin da Baroness Julia Cumberlege ta shugabanta ya fito da rahotonsa bayan ya saurari ɗaruruwan mata da iyalansu. Rahoton ya zargi tsarin kiwon lafiya da ƙin sauraron marasa lafiya, ya kuma nemi a kafa rajista wadda za a riƙa rubuta duk wani abu da aka dasa a jikin mutum, a bi diddiginsa.

Sauri ya haifi nawa. Yawancin gwaje-gwajen farko sun bi matan na ɗan gajeren lokaci ne, kuma abin da suka fi aunawa shi ne ko fitsarin ya tsaya. Ciwo, da zaman aure, da halin da mace za ta kasance bayan shekara 10 ko 20, ba su sami kulawar da ta kamace su ba. Daga nan bukata ta farko ta fito fili: kowace sabuwar dabara tilas a bi sawunta shekaru masu yawa, a kuma auna ta da ma'aunin mai jikin.

AKA ZAUNA DA MASU CIWON

A 2004 aka kafa wata ƙungiya a Ingila mai suna James Lind Alliance. An sa mata sunan wani likitan sojan ruwa ɗan Sikotilan, wanda a 1747 ya raba matuƙan jirgi 12 masu ciwon zubar jinin dasashi gida shida, ya ba kowane gida magani daban, har ya gano cewa lemo ne ke warkar da su. Manufar ƙungiyar ita ce a haɗa marasa lafiya da masu jinyarsu da likitoci a zaure guda, su jera tambayoyin da ba a amsa ba, su zaɓi guda 10 mafiya muhimmanci. Kamfanonin magunguna ba su da ƙuri'a a wannan zaɓe.

Kuɓucewar fitsari tana cikin batutuwan farko da aka yi wa wannan zama, a 2008. Abin da ya zo na ɗaya a jerin ya ba mutane mamaki, domin atisayen nan ne na Kegel mai shekara 60 a duniya: sau nawa ya kamata a yi shi, har tsawon wane lokaci, kuma ga wane irin mai ciwo? Cikin sauran tambayoyin akwai ko horar da likitocin ƙananan asibitoci zai kyautata kulawa. Da yadda za a yi da wanda ya haɗa ɗigar yunƙuri da ta matsuwa. Da ko awon mafitsara da na'ura kafin fiɗa yana da amfani. Da abin da za a yi wa macen da aka sa wa raga aikin bai ci ba. Da ko ya dace a haɗa aikin ɗiga da na zazzagowar mahaifa a lokaci guda.

ABIN DA AKA GANO DA ABIN DA YA SAURA

Waɗansu tambayoyin sun sami amsa. A 2012 aka buga sakamakon wani gwaji a Amurka kan mata 630 masu ɗigar yunƙuri zalla. An yi wa rabinsu awon mafitsara kafin fiɗa, rabin kuwa duba na likita kawai. Bayan shekara guda, kimanin kashi 77 cikin 100 ne suka yi nasara a kowane ɓangare. Ke nan ga irin waɗannan mata ana iya tsallake awon, a huta da wahala da kashe kuɗi.

Atisayen tsoka ma ya tabbata. Wani bita na ƙungiyar Cochrane a 2018, wanda ya tattara gwaje-gwaje 31, ya nuna cewa cikin mata masu ɗigar yunƙuri kashi 56 cikin 100 na masu atisayen sun ce sun warke, alhali kashi 6 ne kacal a cikin waɗanda ba su yi ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin magani a Ingila ta ba da shawarar a fara da shi, aƙalla wata 3 a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, ana matsewa aƙalla sau 8, sau 3 a yini. A 2020 wani gwaji kan mata 600 a Birtaniya ya nuna cewa ƙara na'urar lantarki mai nuna ƙarfin matsewa bai daɗa kome a kan atisayen ba. Haka nan a 2009 wani gwaji kan mata 338 masu ƙiba a Amurka ya nuna cewa waɗanda suka rage kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsu, yawan kuɓucewar fitsarinsu ya ragu da kashi 47 cikin 100, su kuwa ɗaya ɓangaren kashi 28.

Duk da haka atisaye yana da iyaka. A Holan, wani gwaji da aka buga a 2013 kan mata 460 masu matsakaiciyar ɗiga zuwa mai tsanani ya nuna cewa kusan rabin waɗanda aka fara wa da atisaye sun koma sun nemi fiɗa kafin shekara ta cika. Har yanzu likita ba shi da tabbatacciyar hanyar da zai gane tun farko wace ce atisaye zai ishe ta, wace ce kuma zai ɓata wa lokaci. Wata matsalar ita ce ɗorewa, domin mutane da yawa sukan bar atisayen da zarar sun ga sauƙi.

Ta wajen ƙwayoyi, hannun likita bai cika ba. Akwai duloksetin, wanda aka yarda da shi a Turai a 2004, amma tashin zuciya yakan sa mata da dama su ajiye shi, kuma Amurka ba ta amince da shi don wannan lalura ba. Ta wajen fiɗa kuwa, dakatar da raga ya sa aka koma kan aikin Burch, da majanyin da ake yankowa daga jikin ita macen, da allurar da ke cika bangon bututun fitsari don ya tsuke. Allurar ta fi sauƙi da ƙarancin haɗari, amma ba ta kai raga busarwa ba, kuma sau da yawa sai an maimaita. Ana bukatar a gwada waɗannan hanyoyi da juna na dogon lokaci, don mace ta zaɓa da idonta a buɗe.

MAZA MA SUNA CIKI

An fi yin bincike a kan mata, saboda haka ilimin da ya shafi maza bai kai nasu ba. Namijin da aka cire wa furostet saboda ciwon daji yakan rasa wani ɓangare na abin da ke riƙe masa fitsari. Yawanci abin kan lafa cikin shekarar farko, amma waɗansu sukan zauna da ƙunzugu har ƙarshen rayuwa, abin da ke da nauyi ƙwarai ga magidanci.

An daɗe ana ɗauka cewa atisayen da ya yi wa mata amfani zai yi wa maza. Amma wani babban gwaji a Birtaniya da aka buga a 2011 ya ɗauki mazan da ke ɗiga mako 6 bayan fiɗa, ya haɗa rabinsu da mai koyarwa ido da ido. Bayan shekara guda, cikin waɗanda aka cire wa furostet ɗungum, kashi 76 cikin 100 na waɗanda aka koyar suna ɗiga, kashi 77 kuma a ɗaya ɓangaren. Wannan ya bar tambayoyi a buɗe: ko tun kafin fiɗa ya kamata a fara, ko kuwa salon koyarwar ne bai dace da ƙirar jikin namiji ba.

Ga wanda abin ya ƙi lafawa, akwai zoben roba da Dokta Brantley Scott na birnin Houston ya fara dasawa a farkon shekarun 1970. Ana naɗa shi a bututun fitsari, a sa ɗan famfo a jakar maraina, in mutum zai yi fitsari sai ya latsa. Yana aiki, amma yana da tsada, yana bukatar hannu mai ƙwari da hankali cikakke, kuma yakan lalace a sake. Daga baya aka ƙago majanyin maza, wanda ba ya bukatar latsawa. Sai a 2021 aka buga sakamakon babban gwajin da ya gwada su da juna, kan maza 380 a Birtaniya. Da aka yi amfani da ma'auni mai tsauri, watau ko ɗigo guda, kashi 87 cikin 100 na masu majanyi da kashi 84 na masu zobe ba su bushe sarai ba bayan shekara. Amma yawancinsu sun sami sauƙi mai yawa kuma sun gamsu, ko da yake masu zoben sun fi gamsuwa. A nan aka ga muhimmancin wata tambaya: mene ne warkewa? Likita yana ƙirga ɗigo, mai ciwo kuwa yana duban ko zai iya tafiya kasuwa ya dawo ba tare da ya sake wando ba.

ABIN DA YA SHAFI ƘASAR NAN

Mai karatu zai lura cewa kusan duk waɗannan gwaje-gwaje an yi su ne a Turai da Amurka, a kan matan da ba su cika yawan haihuwa ba, masu asibiti a kusa. Macen da ta haifi takwas, tana daka da surfe, tana ɗauko ruwa daga rijiya, jikinta yana fuskantar wani nauyi dabam. Tana da hakkin a yi binciken da ya dace da rayuwarta.

Babbar tambayar da ta fi shafar ƙasar Hausa tana wajen matan da aka yi wa ɗinkin yoyon fitsari. Tun farkon shekarun 1980 Dokta Kees Waaldijk, ɗan ƙasar Holan, ya soma wannan aiki a asibitin Babbar Ruga a Katsina, kuma an ɗinke dubban mata a can da Kano da sauran cibiyoyi. Amma likitocin wannan fanni, daga Katsina har Adis Ababa ta Habasha, sun san cewa rufe hujin ba kullum yake kawo bushewa ba. Doguwar naƙuda takan lalata bututun fitsari da zoben tsokarsa, har mace ta ci gaba da ɗiga bayan ɗinki ya kama. A idon mijinta da kishiyoyinta kuwa, ba ta warke ba. Ragar roba ba ta dace da naman da ya yi tabo ba, saboda haka likitoci suka ƙago dabaru na amfani da tsoka da jijiyar jikin macen. Gwada waɗannan dabaru da juna, a bi matan har ƙauyukansu a ga yadda suka kasance, aiki ne da babu wanda zai yi shi sai jami'o'i da asibitocin Afirka.

Tambaya ta biyu ita ce yadda za a kai atisaye ga jama'a inda ma'aikatan gashi da motsa jiki ba su da yawa. Wani gwaji a Kanada a 2020 ya nuna cewa koyar da tsofaffin mata a rukuni bai gaza koyar da su ɗai-ɗai ba, kuma a ƙauyukan Bangaladash an ga amfanin atisayen rukuni a hannun ƙananan ma'aikatan lafiya. An kuma san cewa macen da ta fara atisayen tun tana da ciki ta fi tsira daga ɗiga a ƙarshen cikin da watannin farko na jego. Ya rage a gwada ko ungozoma za ta iya koyar da shi a ranar awo, da irin kalmomin da za su shiga kunne ba tare da an keta kunya ba.

Ta uku ita ce ma'auni. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan lalura, suna kiranta salasul bauli, har sun yi wa mai ita rangwame a hukuncin alwala. Ga musulmi da yawa, ɗigo kaɗan wanda takardar tambaya ta Turai za ta ɗauka ba kome ba ne, shi ne babban abin da ke hana su sukuni. Binciken da bai tambayi wannan ba ya bar rabin labarin.

Kafin masana su kammala nasu aikin, akwai abin da ya riga ya tabbata. Ɗigar fitsari ciwo ne mai magani, ba hukuncin tsufa ko na haihuwa da za a rungumi ƙaddara a kansa ba. Wanda ke fama da ita ya je asibiti ya faɗa, a fara da atisaye da rage ƙiba da maganin tari. In an kai ga zancen fiɗa, ya tambayi likita irin aikin da za a yi masa, da abin da za a sa a jikinsa, da abin da aka sani game da shi bayan shekaru. Masu bincike da masu ba da kuɗin bincike kuwa, tilas su ajiye wa masu ciwon kujera a wurin da ake yanke shawara, domin su ne masu ɗakin.